Wanda ya koma wa taba bayan ya daina: a mayar da ƙirgarsa ɗaya ko a bar masa kwanakinsa?

Baban Ummi (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka buɗe zauren nan ƙa'idarmu ɗaya ce: kowace safiya mutum ya rubuto cewa yau ba zai sa garin taba a baki ko a hanci ba, ya rubuta adadin kwanakinsa a gefe. Wanda ya koma kuwa, ƙirgarsa ta dawo ɗaya. To a watan nan mutum uku sun fice ba sallama. Na samu biyu a waya, kuma bakinsu ɗaya: sun koma wa taba, kunyar rubuta "kwana ɗaya" a gaban mutane ce ta kore su. Abin ya tsaya min a rai. Don masu faɗuwa muka buɗe wurin nan, ga shi su ne ke gudu. Ina neman shawararku, mu bar ƙa'idar yadda take ko mu taɓa ta?

Ado Direba: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada a taɓa ta. Ni da kuke gani lambar nan ce ke riƙe da ni. Mai tuƙa tirela daga Kano zuwa Legas ya san abin da nake faɗi. Ƙarfe biyun dare ka tsaya a Tafa ko Mokwa, idonka kamar an zuba yashi, yaron motarka ya buɗe batta a gefenka, ƙamshin ya bugo ka. A lokacin ba ciwon daji nake tunawa ba, wallahi ba ma iyalina nake tunawa ba. Abin da ke zuwa min shi ne gobe da safe zan rubuta ɗaya a inda jiya na rubuta ɗari da wani abu. In aka ce kwanakina suna nan ko na ƙunsa, to na ƙunsa ke nan, don zuciya ƙofa kawai take nema.

Maman Khalil: Malam Ado, kai ƙa'idar ta riƙe ka, su kuma ta jefar da su waje. Yanzu mutum ukun nan suna can suna sa taba kullum, ba mai tambayarsu. Wace riba muka ci? Ni ba ni nake sawa ba, saboda Innarmu na shigo zauren, ni nake rubuta mata alƙawarinta kowace safiya don ba ta iya waya ba. Tun tana amarya aka ba ta garin taba da kanwa wai maganin ciwon haƙori, ta wuce shekara talatin a kai. In ta ɗan koma sau ɗaya na ce mata, "Inna, duk wahalar da kika sha ta tashi a banza, yau kwananki ɗaya," kun san abin da za ta ce min? Za ta ce to a bar ta ta mutu da abinta.

Ado Direba: Hajiya, ban ce wahalarta ta tashi a banza ba. Na ce a faɗi gaskiya a kan lamba. In ta sa jiya, yau kwananta ɗaya ba taba. Haka abin yake ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba.

Sista Hadiza: Ku bari in sa baki ta ɓangaren aikina, a sashen haƙori nake. Kowannenku yana da gaskiya a wani gefe.

Abin da ke kama mutum a taba sinadarin nikotin ne. Kanwa ko tokar da ake haɗawa da garin ba don ɗanɗano kawai ba ce, ita ce ke sa nikotin ɗin ya ratsa fatar baki da sauri ya shiga jini. Shi ya sa mai ƙunsawa a leɓe yake jin ta hau masa kai nan da nan, kuma shi ya sa barinta bai fi barin sigari sauƙi ba. Mai sigari yana gamawa ya yar, amma mai tabar baki wani sai ya yini da ita a leɓe, wani ma da ita yake barci.

In mutum ya daina, kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa, wani har bayan gida ya riƙe masa. Daga nan abin yana raguwa a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu. Bayan wannan, abin da ya rage yawanci sabo ne: bayan cin abinci, lokacin shayi, zama da abokai, ɓacin rai. Sha'awar takan taso da ƙarfi amma ba ta daɗewa, 'yan mintuna ne in mutum ya shagaltu da wani abu.

Inda Malam Ado yake da gaskiya: ƙwaƙwalwar da ta saba da nikotin ba ta mantawa, ɗiba ɗaya tana iya farfaɗo da komai, kuma mutane da yawa daga "sau ɗaya kawai" suke komawa gaba ɗaya. Inda Maman Khalil take da gaskiya: yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada suka faɗi, wasu sau da yawa. Kuma watannin da baki ya huta ba su goge ba. Dasashin Inna bai san lambar da muka rubuta a zaure ba, hutun da ya samu ya sani.

Issoufou Maraɗi: Sannunku da hira. Nan wajenmu taba da kanwa ba abin ɓoyo ba ce ga tsofaffi, a kasuwa ga ta nan a buɗe, da kuɗi kaɗan ka ɗaura ta kwana biyu. Arahar nan tana cikin abin da ya sa barinta ke da wuya, don aljihu ba ya jin zafi balle ya tsawata maka. Ni ina da tambaya dabam amma ta shafi wannan. Ƙanena ya dafa Alƙur'ani gaban mahaifiyarmu ya rantse ya bar taba. Bai yi wata ba ya koma. Yanzu ba ya iya kallon idonta, kuma ya ce tunda ya riga ya karya rantsuwa shi ya lalace, ba amfanin sake gwadawa. Tabar da yake sa yanzu ta fi ta da. Malaman zaure, me za a ce masa?

Ustaz Nura: Malam Issoufou, Allah ya saka maka da kula da ɗan'uwanka. Ka gaya masa addini bai rufe masa ƙofa ba. Wanda ya rantse zai bar abu sannan ya karya, kaffara ce a kansa, kuma tana nan a Suratul Ma'ida aya ta 89: ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su, ko ya 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Ya yi kaffararsa, ya nemi gafara, ya sake ɗaura niyya. Cewa "na lalace" ita ce babbar matsalar, ta fi tabar da ya sa, don yanke ƙauna daga rahamar Allah ba halin mumini ba ne.

Sannan ina roƙon 'yan'uwa, a daina gaggawar sa mutane dafa Alƙur'ani a kan wannan. Na ga iyaye suna yi wa 'ya'yansu, na ga mata suna yi wa mazansu. Niyyar mai kyau ce, amma abu ne da ya shiga jini, kuma mutum yana rantsewa a kan shekarun da bai san yadda za su zo masa ba. In ya faɗi sai ya haɗa nauyi biyu, sai ya fara ɓoyewa. Alƙawarin yini ɗaya da muke yi a nan ya fi kusa da abin da ɗan Adam zai iya ɗauka.

Issoufou Maraɗi: Na gode Malam. Zan karanta masa wannan da bakina.

Abakar Gadarif: Salam daga Sudan. Mu nan tumbak ake ce mata, ana haɗa ta da atrun, wato kanwa, a dunƙula a sa a leɓe, kuma Hausawan nan da yawa sun ɗauka, har samari. Masu bincike da suka auna tumbak sun samu sinadaran da ke jawo ciwon daji a cikinta da yawan da ya zarce na yawancin tabar baki ta duniya. A unguwarmu akwai wanda aka cire wa wani sashe na muƙamuƙi, daidai gefen da yake ajiye ta. Na faɗi wannan ne don masu cewa ai gara ita da sigari tunda ba hayaƙi. Game da ƙirga kuma, ni ina bayan Ado. Amma abin da na lura, ba lambar ce ke korar mutane ba, shirun da ke biyo baya ne. Mutum ya rubuta "kwana ɗaya", zaure ya yi tsit, ko wani ya sa masa hoton fuska mai kuka ya wuce. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Maman Khalil: Wannan gaskiya ne Malam Abakar. Na ga an yi haka a nan, ni ma ina kallo.

Sista Hadiza: Ƙari a kan maganar Malam Abakar, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tabar da ba a kunnawa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam: na baki, na maƙoshin da abinci ke bi, da na wata gaɓa a ciki da ke sarrafa sukari. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A duniya masu amfani da ita sun haura miliyan 300, akasarinsu a Indiya da Bangaladash da maƙwabtansu. A Najeriya binciken da aka yi kan manya a 2012 ya nuna kusan kashi 2 cikin ɗari, wajen mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma ku je wajen masu ƙulla ta a leda ku gani ko akwai mai tambayar shekaru.

Garba Tela: Assalamu alaikum. Ni ne ɗaya daga cikin ukun da Malam ya ambata. Shi ya sake sa ni a zauren ɗazu, ya ce in karanta ko ba zan yi magana ba. Na karanta duka.

Lokacin ɗinkin sallah ne. Kaya sun taru, ba wuta sai dare, mutane suna zuwa suna min faɗa a shago. Maƙwabcina ya miƙo min batta na karɓa. A daren na yi niyyar rubutowa, na ɗauki waya na ajiye. Da safe na ga kowa yana sa lambarsa, sai na sa tawa kamar ba abin da ya faru. Haka na yi ta yi wajen mako guda, ina sa taba ina rubuta ƙarya, kuna min barka. Barkar nan ce ta fi damuna, shi ya sa na fita. Ku yafe min.

Baban Ummi (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam Garba. Barka da dawowa, wurinka yana nan.

Ustaz Nura: Allah ya yafe mana baki ɗaya. Abin da ka yi yanzu ba kowa ke iyawa ba.

Ado Direba: Garba ƙanena, zan faɗa maka abin da ke raina don na ɗauke ka ɗan'uwa. Tabar da ka sa ba ta ɓata min rai ba, kowa a nan ya san wannan daren. Makon da ka yi kana rubuta lamba shi ne ya taɓa ni, don akwai safiyar da na ga lambarka na ce in tela yana iyawa cikin rububin sallah ni ma zan iya. Na yafe. Amma ina da tambaya: daren da ka ɗauki waya ka ajiye, da akwai mutum ɗaya da za ka kira, ba zaure gaba ɗaya ba, da ka kira?

Garba Tela: Wallahi Yaya Ado da na kira. Mutum ɗaya da sauƙi. Mutum tamanin ne suka min yawa.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ku bari tsoho ya ce wani abu, jikana ke rubuta min. Na fara taba tun zamanin da mata ke cin goro da fure don haƙora su yi ja, ba wanda ya ce mana cuta ce. Na daina na koma, na daina na koma, kowane azumi sai na ce daga wannan shi ke nan, don mutumin da ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ai ya iya. Amma ana shan ruwa, kafin in ci abincin kirki, hannuna na kan batta. Abin da ya raba ni da ita a ƙarshe aminina ne, Allah ya ji ƙansa. Kullum bayan isha'i in mun fito masallaci sai ya ce, "Alhaji, yau fa?" Kalma uku. In na ce na sa, ba ya faɗa, ba ya wa'azi, sai ya ce, "Da wane lokaci? Kana tare da wa?" Da haka muka gano cewa zaman majalisar bayan la'asar ne ke kayar da ni, don a nan ake zagayawa da ita. Na bar zaman nan na wata uku, mutane suka ce na yi girman kai, ban kula ba. Ku nema wa kowa mai ce masa "yau fa?" Shi ke nan maganata.

Maman Khalil: Allah ya ƙara lafiya Baba. Tambayoyin amininka biyu su ne ba mu yi a zauren nan. Muna tambayar nawa, ba ma tambayar yaushe da ina.

Sista Hadiza: Baba, Allah ya ja kwana. Tunda ka daɗe kana sawa, don Allah ka sa jikanka ya haska maka cikin baki da fitilar waya, musamman inda kake ajiye ta. Wannan ga kowa ne, har Innar Maman Khalil. Farin tabo da ba ya gogewa, jan tabo, gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ƙullutu, ko wurin da ya mutu ba ka jin taɓi, duk wanda ya ga ɗaya ya je wurin likitan haƙori, kada ya tsaya shafa magani a gida. Ba kowane tabo ne ciwon daji ba, wasu suna ɓacewa bayan an daina taba, amma wanda zai zama matsala in an kama shi da wuri maganinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Garba, kai kuma abu biyu. Na farko, tunda ka yi kwanaki kana sawa, ka sa ran kwana ukun nan masu wuya za su dawo, kada su zo maka ba shiri. Na biyu, in ka ga abin ya fi ƙarfinka akwai taimakon magani, ba gazawa ba ce. Akwai cingam da alawar nikotin da wanda ake mannawa a fata, ana samu a wasu manyan kantunan magani ko da yake da tsada, akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da likita ne kawai ke rubutawa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar taimaka wa manya su bar taba, kuma abin da ta ƙarfafa shi ne a haɗa magani da tallafin mutane. Mai ciki ko mai ciwon zuciya kada ya fara komai sai ya ga likita.

Ado Direba: Ni da kanumfari da aswaki na maye gurbinta. Leɓen ya saba da a sa masa wani abu, in ka bar shi haka nan zai dame ka. Wasu aya suke taunawa, wasu busasshiyar citta. Goro ma yana yi, amma in ka yawaita da dare barci zai gagare ka, kuma rashin barci shi ne babban abokin taba.

Garba Tela: Matsalata maƙwabcin nan ne. Shagonmu jikin juna, ba zan iya ƙaura ba, kuma ya girme ni.

Baba Alhaji: Ka same shi da safe kafin aiki ya yi zafi, ka gaishe shi, ka ce, "Yaya, alfarma nake nema, ko na roƙe ka kada ka ba ni." Babba in ka ba shi amana yakan riƙe. In ka jira sai dare ya yi kun gaji ku biyun, miƙo maka zai yi don a ganinsa taimakonka yake.

Baban Ummi (mai kula da zaure): Na saurari kowa. Ga abin da nake ganin za mu gwada daga gobe, mai gyara ya gyara. Ƙirgar kwanaki a jere tana nan yadda Ado yake so, wanda ya sa taba ya dawo ɗaya. Amma kowa zai riƙa rubuta watan da ya fara wannan yaƙin a gefen lambarsa, wannan ba ya gogewa, don Inna da irinta su ga tafiyar da suka yi. Kowa zai samu abokin riƙo guda ɗaya da za su yi musayar lambar waya, maza da maza, mata da mata. Wanda ya koma, abokin riƙonsa zai fara gaya wa kafin ya kwanta a ranar, in ya so abokin ne zai sanar da zaure a madadinsa. Mu kuma ba mai yin shiru, ba mai gori. Tambayoyin aminin Baba za mu yi, da wane lokaci, kana tare da wa, sai mu ƙara da me za ka canza gobe.

Abakar Gadarif: Na yarda. Sai dai wanda ya ɓace kwana biyu ba alƙawari, abokin riƙonsa ya kira shi, kada a jira ya fita tukuna.

Ado Direba: Maganar rubuta wata a gefe ba ta gama kwanta min ba, ina tsoron wani ya jingina da ita ya riƙa cewa ai ni tun bara nake, alhali kowane mako yana sawa. Amma a gwada zuwa ƙarshen wata mu gani. In mutum ya koma sau uku a wata ɗaya, ni dai a ce masa ya je ya ga likita, don alama ce abin ya wuce na alƙawari kaɗai.

Sista Hadiza: Wannan sharaɗin na Malam Ado a sa shi, yana da kyau.

Maman Khalil: Ni zan riƙe wa Inna, amma ina so a samu wata babbar mace da za ta riƙa kiranta, don akwai abin da ba za ta faɗa wa 'yarta ba. In akwai mai uwa ko gwaggo a irin wannan hali ta min magana ta gefe.

Issoufou Maraɗi: Malam, ka sa ƙanena a zauren, na tura maka lambarsa. Ustaz, in ba damuwa kai nake so ka riƙe shi.

Ustaz Nura: Ba damuwa, ya kira ni bayan magariba.

Ado Direba: Garba, ni zan riƙe ka in ka yarda. Dare nake tuƙi, kai ma dare kake ɗinki, duk lokacin da ta taso maka ka kira, in ina kan hanya yarona zai ɗauka ya sa min a kunne. Battar da ke shagonka fa, tana nan?

Garba Tela: Na yarda Yaya. Tana cikin aljihun keken ɗinki. Yanzu zan je in zubar a kwata in turo maka hoto, gobe da safe kuma zan shiga wurin maƙwabcin nawa kafin in buɗe shago.